Gyaran gangar Auzinawa: ni da birkin bayan Golf ɗin Baba

1/
Tun ranar da na saka hoton wilin bayan Golf ɗin Baba mutane ke turo min saƙo: nawa ka kashe, ina ka samo kaya, wane gareji ya yi maka? Na daɗe ina kauce wa amsa, don tana da tsawo kuma akwai abin kunya a cikinta. Yau dai zan faɗa. Duk mai shirin cire diram ya sa diski a bayan tsohuwar motarsa, ya karanta har ƙarshe kafin ya ɗauki sifana. 🧵

2/
Motar Golf 3 ce, ƙirar 1995, injin 1.8, ba ta da ABS. Baba ya sayo ta daga Kwatano a 2007, lokacin yana koyarwa. A cikinta aka ɗauko Auta daga asibiti da aka haife ta. A cikinta na koyi tuƙi a filin ƙwallon unguwarmu a Samaru. Yanzu Baba ya yi ritaya, kuma ita kaɗai gare mu. Ranar da ta tsaya kowa ya koma acaba, har Umma da ciwon gwiwarta.

3/
Ni kuwa ina aji huɗu a jami'a, ina karanta injiniyancin injina. Wata shidan nan da ake tura mu koyon aiki, a wani gareji a Sabon Gari na yi su. Ogan garejin dattijo ne mai furfura, bai taɓa kirana da sunana ba, kullum sai "Injiniya". Sai da na yi wata biyu kafin na gane tsokana ce. 😅

4/
Birkin motar ya daɗe yana ba mu wahala. Ka taka feda ta tafi kamar za ta taɓa ƙasa, sai ka saki ka sake takawa sannan ta kama. Hambirki kuwa ka ja shi har ya ƙure, mota na silalewa a hankali kamar ba da ita ake ba. Baba yana da wani dutse a but. Duk inda ya faka a gangare, ni ke fita in sa weji. Har ranar Juma'a, gaban jama'a. Wallahi dutsen nan ya fi komai ci min rai.

5/
Farkon watan Mayu fansho ya shigo. Bayan magariba Baba ya kira ni ya miƙo min ambulan. Ya ce, "Tunda kana wajen masu aikin, a duba birkin nan. Sannan a sayi taya biyu sababbi, na bayan nan sun suɗe, ga damina ta kawo kai." Na ce to Baba.

Ku riƙe maganar tayar nan, za mu dawo kanta.

6/
A lokacin kaina ya riga ya cika da bidiyon Turawa a YouTube. Ka ga an cire baƙar tukunyar nan mai tsatsa, an sa faifai mai ƙyalli, an fenta kalifa ja, ana hango ta ta cikin rim. Da ka tambaye ni a ranar, zan ce maka lafiyar iyali nake nema. Tsakani da Allah rabin abin ado ne. So nake a ce ni na yi.

7/
Ga waɗanda ba su san bambancin ba. Diram kamar tukunyar ƙarfe ce da ke juyawa tare da taya. A cikinta akwai birek shu guda biyu masu siffar jinjirin wata. Idan ka taka birki, mai ya tura wata 'yar silinda, ita kuma ta buɗa shu ɗin su goga a jikin tukunyar ta ciki. Komai a rufe yake. Datti ba ya shiga da yawa, amma zafi ma ba ya fita da wuri.

8/
Diski kuma faifai ne a fili. Kalifa ta rungume shi ta matse shi da fad biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kamar yadda birkin keke ke kama rim. Iska na bugunsa, don haka yana saurin hucewa. Ruwa ya taɓa shi, juyi kaɗan ya watsar. Canza fad aikin mintoci ne. Duk wannan ba na musu. Tun 1953 da Jaguar ta ci tseren Le Mans da birkin diski duniya ta yarda ya fi diram jure zafi.

9/
Abin da bidiyon ba su cika tsayawa a kai ba shi ne wannan. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, ina jikinka ke tafiya? Gaba. Haka nauyin mota ke komawa kan tayoyin gaba, baya ya yi sakayau. A mota irin Golf, da inji da giya duk suna gaba, birkin gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin, wani lokaci fiye. Baya taimako kawai yake yi. Na san wannan fa. Na rubuta shi a jarrabawa, kuma na ci.

10/
Duk da haka na ɗauki ambulan ɗin Baba, na haɗa da 'yan canjin da na tara daga koyar da yara lesin, na hau mota sai Kaduna, Fanteka.

11/
Can na ƙara jin kaina. Mai kayan farko ya fito min da na Golf VR6, masu kyau kamar jiya aka cire. Na ƙirga hudar noti: biyar. Tamu huɗu ce. Da na saya, da gaba huɗu baya biyar, safaya ɗaya ba za ta yi wa duka ba. Na ajiye ina murmushin masana. Sai wajen la'asar muka samu mai huda huɗu, irin na Golf 2 GTI, faifai mai faɗin milimita 226. Diram ɗinmu 200 ne.

12/
Masu tambayar "nawa diski da kalifa", ku saurara, ba su kaɗai ba ne. Guntun sandar da taya ke juyawa a kanta ma sai an canza, don ta diski tana da kunnuwa biyu inda ake ɗaure mariƙin kalifa, ta diram ba ta da su. Ga mariƙin kansa. Ga farantin da ke tare ƙura. Boris sababbi, domin a waɗannan motocin a cikin faifan yake zaune. Wayoyin hambirki nasu daban ne. Ga tiyo, ga guntayen fayif, ga fad, ga man birki. Ina biya ina kallon kuɗin taya na narkewa a hannuna.

13/
Washegari na sauke buhu a gaban Oga. Ya leƙa, ya ɗago, ya ce, "Injiniya, ka buɗe diram ɗin ka ga abin da ke damunsa?"

Na ce a'a Oga, ai tsohon yayi ne.

Ya ce, "Uhm. Likita zai yanke ƙafa bai duba ciwo ba."

14/
Muka ɗaga mota. Ya nuna min wata dabara ta waɗannan diram ɗin: a ciki akwai wani ɗan weji na ƙarfe da sifirin ke ja ƙasa, shi ke matso da shu kusa da tukunya duk lokacin da suka cinye. Ka zura sukudireba ta hudar noti ka ɗaga shi, shu su saki, diram ya fito ba guduma. Na hagu ya fito salin-alin. Na dama sai da muka yi gumi.

15/
Abin da muka tarar: silindar hagu na yoyo, mai ya jiƙa shu sun yi baƙi ƙirin suna santsi. Na dama kuma wejin ya kafe da tsatsa da ƙura, ya daina sauka, shu sun yi nisa da tukunya. Ga dalilin doguwar feda, ga dalilin dutsen Baba. Man birkin da muka zuƙo kuwa kamar shayin da ya kwana. Ashe tun da aka sayi motar ƙari kawai ake yi, ba a taɓa zubar da shi an sa sabo ba.

16/
Wannan ma ku duba naku. Man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 4 sai zafi ya kai akalla digiri 230 yake tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Ya tafasa kuwa, tururi ne a fayif, ka taka ka ji wayam. Shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu. Namu ya haura goma sha biyar.

17/
Oga ya lissafa min a yatsa: silinda biyu, shu, mai, a wanke wejin a sa masa giris. Ko kwatan abin da na kashe bai kai ba. Ya ce, "Da yau da yamma ka kai wa Malam motarsa, da canjin taya a aljihunka."

Na kalli buhu. Kayan Fanteka ba a mayarwa bayan an kawo su Zariya. Na ce a ci gaba.

18/
Aikin da na ce kwana ɗaya, sati ya ci. Boris na fara ɗaurewa tamau kamar notin taya, Oga ya buge min hannu. Irin wannan ana ɗaure shi ne daidai yadda wasar da ke bayan notin za ta ɗan motsa idan ka tura ta da bakin sukudireba. Ka matse fiye da haka, ya yi zafi a hanya ya cinye.

19/
Sai fistin ɗin kalifa. Na gaba matsa shi kawai ake yi ya koma. Na baya kuwa akwai zaren hambirki a cikinsa, sai ana murɗawa ana turawa lokaci ɗaya. Wani yaron gareji har ya ɗauko abin matsewa zai danna da ƙarfi, Allah ya sa na gani. Ɗaya kalifar ma ta daɗe a ajiye ta kafe, sai da muka warware ta muka sa sababbin robobi.

20/
Mafi ban dariya shi ne fitar da iska. Kwana biyu yaro na cikin mota ina ƙarƙashi: "Taka! Taka! Riƙe! Saki!" Mai gwangwani biyu ya tafi, feda na nan laushi kamar burodi. Oga ya zo ya tsuguna, ko minti bai yi ba ya ce, "Injiniya, iska a cikin ruwa sama take hawa ko ƙasa?"

Na sa ta hagu a dama, ta dama a hagu. Notin fitar da iska yana kallon ƙasa. Garejin nan har mai shayi sai da ya yi dariya. 😭

21/
To, yanzu ga inda labarin ya daina ban dariya.

22/
A ƙarƙashin motar, kusa da ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, akwai wani bawul mai ɗan hannu da sifirin. Man da zai je birkin baya ta cikinsa yake bi. Idan an loda mota bayanta ya zauna, sifirin ya ja hannun, bawul ya ƙara wa baya ƙarfi. Idan ba kowa a baya, ko an taka birki bayan ya ɗaga, sai ya rage. Aikinsa ɗaya: kada tayoyin baya su kafe kafin na gaba. A motar da ba ABS, shi ne hankalin birkin baya.

23/
Namu ya tsufa, hannun da ƙyar yake motsi. Garin kwance fayif zaren ya lalace, ya fara tsattsafo da mai. Dole a sayi wani, kuma wanda ya dace da diski. Aljihuna kuwa ko na acaba babu.

24/
Sai ilimin ya motsa. Na ce ai diram yana taimakon kansa: juyin tukunya yana jan shu ɗaya ya ƙara matse shi, don haka matsi kaɗan ya ishe shi. Diski ba ya haka, ya fi son matsi mai yawa. Saboda haka in na cire bawul na haɗa fayif kai tsaye, na ba diski abin da yake so. Farkon maganar gaskiya ne. Shi ya sa ƙarshenta ya shige ni ban tsaya na lissafa ba.

25/
Oga ya ce, "Wanda ya ƙera motar nan ba don ado ya sa wannan ba. In ka cire, ba da hannuna ba. Kuma ka faɗa wa Malam."

Na ce to. Ranar Alhamis ya tafi ta'aziyya ƙauyensu. Kafin la'asar na haɗa fayif da fayif, na jefa bawul cikin buhun tsofaffin diram.

26/
Gwaji. Yaran gareji huɗu suka cusu a baya, ɗaya a gaba, muka hau hanyar Basawa da rana tsaka. Na ɗan taka wuta na danna birki. Kai! Mota ta tsaya cak kamar an riƙe ta da igiya. Muka yi ta ihu. Sau biyar na gwada, sau biyar ta tsaya a miƙe.

Ku lura da kyau: ƙarti huɗu a baya, kwalta a bushe.

27/
Baba ya zagaya motar, ya shiga ya taka feda, ya ja hambirki a gangaren ƙofar gida. Ta tsaya. Ya buɗe but da kansa ya ɗauke dutsen ya ajiye a gindin katanga. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na ji kamar an ba ni digiri.

Sai ya ce, "Tayoyin fa?"

Na ce, "Ba a samu masu kyau ba Baba, sai sati mai zuwa."

28/
A daren na saka hoton da kuka gani. Jan kalifa, faifai na ƙyalli. Har da masu cewa in buɗe gareji.

29/
Sati uku lafiya lau. Sati mai zuwan ya zo ya wuce sau uku, Baba bai sake tambaya ba, ni kuma ban tayar da maganar ba. Sai ranar da Auta ke da takardar NECO da safe. An kwana ana yayyafi. Baba ya ce in kai ta. Ni da ita kaɗai, tana gaba da littafinta a buɗe tana bita. Baya ba kowa, but ba komai.

30/
Kafin Kwangila wani ɗan acaba ya yanko daga gefe zai juya, bai waiga ba. Gudun da nake yi bai wuce 60 ba. Na danna birki iya ƙarfina.

31/
Ba zan manta da yadda abin ya ji a sitiyari ba. Gaban motar ya riƙe hanya, bayanta ya ce shi ma gaba za shi. Na ga shaguna sun wuce ta gilashin gaba a kwance, na ga ɗan acaban ta tagar Auta, sannan na ga hanyar da muka fito. Muka tsaya muna kallon Samaru, tayar baya ɗaya a cikin kwalbati. Duka-duka bai fi daƙiƙa uku ba.

32/
Ba mu taɓa ɗan acaban ba. Babbar motar da ke bayanmu tana da nisa, ta samu ta tsaya. Da tana kusa, da wani ne ke rubuta wannan labarin, ko ba wanda zai rubuta. Jama'a suka taru ana ta salati. Auta ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Littafin na ƙasa, hannunta biyu a kan dashbod, tana ta maimaita Innalillahi a hankali.

33/
Na tare mata wani acaban. Ta isa kafin a rufe ƙofa. Da yamma take gaya wa Umma wai minti ashirin na farko biro ƙin zama ya yi a hannunta. Ni ba ta ce min komai ba.

34/
Ga abin da ya faru, don wanda bai gane ba. Tayar da ke juyawa tana bin inda aka nufe ta. Tayar da ta kafe tana zamewa ne kawai, ta kowane gefe. Idan na gaba suka kafe, sitiyari ya daina aiki amma mota na tafiya a miƙe, ka ɗan saki birki ta dawo hannunka. Idan na baya suka riga kafewa, babu abin da ke riƙe bayan a layi, sai ya zagayo. Shi ya sa masu ƙera mota ke tsara ta yadda gaba zai fara kafewa. Ni na juya tsarin da hannuna.

35/
Ranar gwaji ƙartin nan huɗu ne suka danne baya, suka yi aikin da bawul ke lissafawa. Ranar Auta babu su. Ga ruwa. Ga tayoyin da Baba ya ce sun suɗe. Daga baya na duba lambar da ke gefensu, lambobi huɗun nan na ƙarshe da ke nuna sati da shekarar da aka yi taya: 3814. Sati na 38, shekarar 2014. Birki komai kyansa, iyakarsa ya tsayar da taya. Taya ce ke riƙe ƙasa.

36/
Baba ya iso a kan acaba, hularsa a hannu. Tambayarsa ta farko, "Ina yarinyar?" Na ce ta tafi jarrabawa, lafiya take. Ya ce alhamdulillahi. Ya zagaya ya ga rim ya lanƙwashe, bamba ta fashe, fitila ɗaya ta tafi. Sannan ya durƙusa ya shafa tayar baya da tafin hannunsa. Ya daɗe a haka. Bai ce komai ba.

37/
Bayan isha'i na same shi a tabarma na faɗi komai. Fanteka, silinda mai yoyo, kuɗin taya, bawul. Ya bari na gama.

Ya ce, "Shi mai garejin ya sani?"
Na ce, "Ya hana ni, Baba."
"Ya ce ka faɗa min?"
"Ya ce."
"Ka faɗa?"

Na yi shiru.

38/
Ya ce, "Kuɗi an saba rasa su. Da ka zo ka ce Baba na yi wauta kuɗi sun ƙare, da na ajiye motar har wata ya yi. Amma ka bar ni na sa 'yata a ciki." Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Da duka ya yi min da ya fi sauƙi.

Umma, da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana, sai na ji ta daga ɗaki tana ce wa Auta, "Ce wa wancan ya zo ya ɗauki abincinsa." Ban iya ci ba.

39/
Na sayar da wayata, wannan mai tsagaggen gilashin da nake rubutu da ita ta abokina ce ta da. Na koma gareji da kaina a ƙasa. Ina jiran Oga ya ce ai na faɗa maka. Cewa ya yi kawai, "Yarinyar lafiya?" Na ce lafiya. Ya ce, "Ɗauko jak."

Tun ranar bai sake ce min Injiniya ba. Sunana yake kira. Har yau ban san ko ƙarin girma ne ko ragi ba.

40/
Muka samo bawul na mota mai diski a baya, muka sake fayif ɗin da na yanka, Oga ya saita sifirin ɗin da mota a ƙasa kan tayoyinta. Muka sake fitar da iska, daga taya mafi nisa: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Rim na hannu, bamba an ɗinke ta.

41/
Taya biyu sababbi, kuma a baya muka sa su. Nan Baba ya yi gardama, don shi a saninsa sabuwa gaba take zuwa. Amma kamfanonin taya da kansu shawarar da suke bayarwa ke nan idan biyu kawai za ka saya, saboda daidai abin da ya same mu. Na fara bayani, ya ɗaga min hannu, ya juya ya tambayi Oga. Oga ya ce haka ne. Sannan ya yarda. Wannan ma ya yi min zafi, amma na ci bashinsa.

42/
Gwaji na biyu a filin ƙwallon da na koyi tuƙi muka yi, bayan ruwa, ba kowa a baya. Oga na tsaye a gefe yana kallon tayoyi, ni ina takawa a hankali ina ƙarawa. Gaba ya fara ja a ƙasa, baya na juyawa. Muka loda yara muka sake. Haka ya kamata a gwada tun farko: wayam da lodi, busasshe da jiƙaƙƙe, da mutum a waje yana kallo.

43/
To masu tambaya, ya cancanta? Maƙwabcinmu yana da irin motar, diram ɗinsa lafiyayye, na tuƙa ta na tuƙa tamu. A cikin gari ban ji bambancin da zan rantse a kai ba. Fedarmu ta ɗan fi daɗin taku, canza fad zai fi sauƙi, kuma e, ta fi kyau a hoto. Hambirkinsa kuwa ya fi namu riƙo. Diram gwani ne a wannan.

44/
Idan kana yawan sauko da lodi daga tudu irin na Jos ko Mambila, inda birki ke daɗewa a take har ya yi zafi, akwai hujja. Amma ka yi shi cikakke, da bawul ɗinsa, kuɗi a hannu kafin a kwance noti ɗaya. In kuwa dogon feda ne da hambirkin da ba ya kamawa, a buɗe diram ɗin tukuna. A canza mai. A duba fad da tiyon gaba. A karanta lambar taya.

45/
Abin da ya ƙara kashe min jiki: ina cikin wannan hali na ci karo da cewa motocin lantarkin Volkswagen na zamani, ID.3 da ID.4, diram ne a bayansu. Kamfanin da ya yi Golf ɗin. Tunda injin lantarkin ke rage gudu mafi yawan lokaci, birkin baya ba ya samun aiki sosai, kuma abin da ke rufe ya fi jure zama ba tsatsa. Ni da na ce wa Oga tsohon yayi ne.

46/
Tsofaffin diram ɗin suna cikin buhu a zaure. 'Yan gwangwan sun taya sau biyu, Baba ya ce ba na sayarwa ba ne. Makulli ya dawo hannuna bayan wata ɗaya, amma aike kawai, ba na ɗaukar kowa. Auta tana gaishe ni, muna hira, amma in za ta fita Baba take jira. Sakamakon jarrabawar bai fito ba tukuna, kuma takardar ranar ce nake tsoron gani.

47/
Jiya Umma ta aike ni niƙa. Na buɗe but zan sa buhun masara, sai ga dutsen a kusurwarsa ta da. Hambirkin yana kamawa lafiya lau, na gwada shi a gangaren ƙofar gida kafin na tafi. Ban san ranar da Baba ya mayar da shi ba, kuma ban tambaya ba. Na matsar da buhun gefe don kada ya danne shi.